Kwalaben Gidajen Makoki

Jiya 'yata ta hura bakin kwalba, kwalbar ta yi kuka. Na tuna tsohon mai kemis na bakin tashar jirgin Nguru.

In yaro ya rasu, yakan je gaisuwa ya roƙi kwalbar maganin da aka ba shi. Ya jera su a taga, ba murfi. Da rana tsaka iska na shiga bakinsu, su yi ta kuka ƙasa-ƙasa. Har ana cewa kurwa yake tarawa.

Da zazzaɓi ya kama 'yar tawa, na sayo magani a tire a kasuwar Gashuwa, da na dawo Nguru na biya shagonsa neman cokalin awo. Ya karɓi kwalbar, ya shinshina, ya ajiye ta kusa da wasu huɗu.

"'Yar nan, duba lambarsu."

"Baba, ban iya karatu ba, kar ka ɓata min lokaci! Jikin yarinya kamar wuta."

"Ai kina da ido."

Na duba. Zanen iri ɗaya ne sak, duka biyar. Ya faɗi gidajen da huɗun suka fito. Duk gidajen da na je wa gaisuwar rasuwa ne.

"Maganin da ba a san ta inda ya biyo ba, ba ya shiga bakin yaro," in ji shi. Ya ba ni nasa, ya nuna min takardar da ta rako shi daga Kano.

Kwalbata ta zauna a taga a cike, ita kaɗai ba ta kuka. Dalilinta na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya raba tagoginmu da wannan kukan.