Kukan Mukarrama

Ranar da za a kai Mukarrama ɗakinta, tun hantsi hadari ya haɗo ta gabashin Paki ya tsaya cik, bai zuba ba bai wuce ba. Zufa ta ishi kowa. Duk da haka mata sun cika gidan mahaifinta Malam Tukur mai gyaran keke har zaure, wasu daga Saulawa, wasu daga Kudan, kuma ba tuwon biki ya kawo su ba. Kuka suka zo ji.

A wajenmu, in amarya ta bar gidan ubanta ido a bushe, uwarta ce ke shan magana. Sai a ce ba a riƙe ta da kyau ba, ko kuwa dama a ƙagare take. To 'yan matan yanzu su suke zaɓo mazansu, ga waya, kukan ba ya zuwa da sauƙi.

Mukarrama ta fara ne da bikin ƙawarta Naja'atu. Ita ce babbar ƙawa, tana riƙe da amarya, ta ji yarinya na ƙyalƙyala dariya a cikin mayafi alhali an kusa zaure. Sai ta cusa kanta ciki kamar mai lallashi, ta saki kuka a madadinta. Tsofaffi suka yi ta share hawaye suna sa wa uwar Naja'atu albarka.

Daga nan iyaye mata suka fara sallama gidan Malam Tukur, kowace a ɓoye. Yarinyar da Mukarrama ba ta taɓa gani ba, ana sauran kwana kaɗan biki sai ta zama aminiyarta tun ta ƙuruciya. Ta kuwa iya aikin. Ita ke riƙe wayar amarya, ita ke tare ƙofa ta ja wa abokan ango rai, ita ke hana gwaggwanni ɓata ƙunshi. Kukan ma da tsarinsa. Ba ta farawa lokacin nasihar uba, don kada murya ta dushe da wuri. Shessheƙa a tsakar gida, a ɗaga a zaure, a ƙure a bakin mota.

Ana nan Yahuza mai mazarƙwaila na Nasarawan Doya ya fito neman aurenta, ita ma tana so. Ƙawayenta duk sun yi aure, wannan na goyo waccan miji ya hana, dole aka ba Rashida 'yar kawunta matsayin babbar ƙawa, yarinyar da ba ta taɓa yi ba. Inna Fatsuma, uwar Mukarrama, ta ja 'yarta gefe ta ce, "Kin fitar da 'ya'yan wasu kunya. Ni kada ki bar ni a cikinta."

Da ranar ta zo, aka lulluɓe amarya. Ta nemi kuka, babu. Ta tuna kakarta da ta rasu, ta tuna akuyarta da aka sace, ko gezau. Abin da kawai take ji shi ne ɓarnar Rashida: ta riƙe ta ta hagu, ta bar abokan ango sun shigo ba ko gardama, tana ta ɗaukar hoto. Aka ratsa tsakar gida shiru. Aka shiga zaure shiru. Mata suka fara duban Inna Fatsuma.

Rashida ta tuna abin da aka koya mata, ta cusa kai cikin mayafi ta saki wani abu mai kama da kukan ɗan akuya da aka ɗaure uwarsa. Wannan kam Mukarrama ta kasa daurewa. Ta yaye mayafin gaban kowa.

"Ke, ba haka ake yi ba. Daga ciki ake ɗauko shi, ba daga hanci ba. Saurara."

Ta rera shi tiryan-tiryan, fuska a buɗe, har sai da wata tsohuwa ta fara matsar ƙwalla. Sannan ta tsaya cak ta ce, "To, maimaita."

Babu matar da ba ta gane muryar ba. Ita ce suka ji a bikin Naja'atu, da na Ummuhani, da na 'yar mai unguwa, kuma kowace uwa a nan ta ɗauka ita kaɗai ta taɓa yin wannan dabara. Ba wadda ta kalli wata. Aka mayar da mayafi aka sa amarya a mota.

Washegari waɗannan matan su ne kan gaba wajen cewa yarinyar ba ta da kunya. Inna Fatsuma ta yi wata da watanni ba ta leƙa gidan biki ba, kuma har yau in an ambaci ranar sai ta tashi ta duba tukunya.

Mukarrama tana Nasarawan Doya da 'ya'ya biyu, tana yin ƙunshi a gida. Iyaye na turo mata amare da ƙawayensu ana gobe kamu, a ce lalle suka je. Maƙwabta kan ji kuka ta katanga, ba sa tambaya.