Pascuala Mai Yi wa Likitoci Tafinta

Pascuala Tambriz ta koyi Turanci ne a birnin Xela, a gidan wasu Amurkawa inda ta yi aikatau tun tana budurwa. Da ubanta ya rasu ta koma ƙauyensu a kan duwatsun Nahuala, da niyyar ta yi wata guda ta juya. Sai ta tarar ciwon sukari ya kama uwarta Micaela, ƙafafu sun fara kumbura, yayyenta maza kuma duk sun tsallaka Amurka neman aiki. Wata guda ya zama shekara.

A shekarar ne cocinsu ya fara karɓar baƙi. Duk rani wasu masu bi kan zo daga Amurka, likitoci da nas-nas 'yan sa-kai, su jera bencina, su rataya zannuwa a tsakani, su duba marasa lafiya mako guda, su yi addu'a su tafi. Ba sa jin Kiche, yaren mutanen wurin, tsofaffin ƙauyen kuma ko Sifaniyanci ba su iya ba. Fasto Ventura ya zo har gida ya same ta tana saƙa.

"'Yar'uwa, Allah bai ba ki harshen nan don ki rufe a tukunya ba."

"Fasto, ni ko allura aka fito da ita kau da kai nake yi."

"Wa ya ce ke za ki yi allurar? Baki kawai za ki ara musu."

Ta ara musu. Baƙin mutanen kirki ne, suna cin wainar masararta suna hawaye saboda barkono, kuma kafin su tafi sukan bar wa uwarta maganin da zai kai ta wata zuwan. Amma a idon ƙauye, duk abin da ya fito daga bakin Pascuala nata ne. In likita ya ce wa mutum ya bar giya, ita ce ta tona masa asiri. In layi ya ƙare ba a kai kan wani ba, ita ce ta hana.

Wani rani maƙwabciyarta Dominga ta shigo bayan zane. Tare suka taso, tare suke wanki a rafi. Dakta Gwen, babbar likitar baƙin, ta taɓa ƙullutun da ke ƙirjinta, sannan ta juya wajen Pascuala.

"Faɗa mata ina jin ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Ba abin da za mu iya a nan. Ta je babban asibiti."

Dominga ba likitar take kallo ba, bakin Pascuala take kallo.

"Me ta ce, ƙawa? Kin yi tsaye kamar an dasa ki. Ko cewa ta yi na cika ƙiba?"

Pascuala ta faɗa mata duka, ba ta rage komai ba.

Ranar Juma'a baƙi suka rera waƙa, suka ɗauki hotuna, motarsu ta gangara. Da safiyar Asabar sai ga Santos, mijin Dominga, a ƙofa, malafa a hannu.

"Maƙwabciya, ki taimaka ki ba mu na ɓoye."

"Wane na ɓoye?"

"Irin wanda suke bar wa Inna. Ai ke kin san yadda ake roƙonsu."

Ta shigar da shi ɗaki, ta zazzage masa kwalaben uwarta a kan tabarma, ta ce wannan na sukari ne, ba zai yi wa Dominga komai ba. Ya gyaɗa kai ya tafi. Washegari ya dawo, haka jibi. Ita ce ta raka Dominga asibitin Xela, aka ba su rana mai nisa, Dominga kuwa ba ta kai girbin masara ba. A wajen jana'iza ƙanwar Santos ta ce, yadda kowa zai ji, "Da ƙafarta ta shiga cocin nan lafiya lau. Bakin wata ne ya kwantar da ita."

Da baƙi suka dawo, Dakta Gwen ta ji labari ta yi kuka. Ta riƙe hannun Pascuala ta ce cocinsu zai ɗauki nauyinta ta yi karatun nas a Xela. Pascuala ta koma gida, ta faɗa wa uwarta a bakin murhu.

"Tafi mana, 'yata," in ji Micaela, tana murza ƙafarta. "In na faɗi, kaji za su kira mutane."

Fasto bai yi mata faɗa ba. Cewa ya yi in ta tafi, baƙin za su koma ƙauyen da ke da tafinta. Ta san ba ƙarya ya yi ba, ta kuma san maganin uwarta zai bi su. Ta ce wa likita sai baɗi. Da baɗin ta zo ta sake cewa baɗi.

Micaela ta yi tsawon rai. Kafin ta cika, Dakta Gwen ta tsufa ta daina zuwa, sababbin baƙi kuma ba wanda ya san da wani alkawari. Pascuala ta yi furfura, idonta ya fara hazo, ko zare ba ta iya sa wa allura.

Har yanzu duk rani tana bayan zanen nan. Matan dangin Santos ba sa gaishe ta a hanya, amma in ciwo ya kama su dole su zauna gabanta su faɗa mata abin da ko mazajensu ba su sani ba, idonsu a ƙasa. Bana wata nas yarinya, wadda wannan ne zuwanta na farko, ta tambaye ta ko ta taɓa sha'awar zama a wani wuri. Pascuala ta ce mata tsohon da ke kan benci tun safe bai ci komai ba saboda gwajin jini, gara a fara da shi.