Kaso na Uku na Irin Tankari

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar aminina Tankari. Ranar Laraba ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a gidansa na Koren Mairuwa, ni da uwargidansa da babban ɗansa Arzika muna kansa. Tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi a hannun Mompera, limamin mishan, inda kuskure guda a lissafi ke sa a sake shafi tun daga sama. Ni na zama malamin makaranta, ana kirana Mushe, shi ya koma gonar mahaifinsa, amma horon bai sake shi ba.

Tankari bai taɓa shuka irinsa a tashi ɗaya ba. Kashi uku yake yi. Na farko ya yi binne da shi kafin ruwa ya sauka. Na biyu sai ya tona ƙasa ya ga laima ta wuce tafin hannu. Na uku kuwa ya zuba a tulu ya liƙe bakin da laka, ba mai taɓawa sai hatsi ya kai gwiwa. Maƙwabta suna yi masa ba'a, wai yana zargin Ubangiji da rowa. Yakan amsa cewa bai san gobe ba, kuma bai ga dalilin yin kamar ya sani ba.

Yau na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ce ke aiko wa manoma shawara ta salula. Na bi saƙonninta layi-layi da jan alƙalami, ina neman laifi. Abin da na samu kaɗan ne, kuma hakan bai yi mini daɗi ba. Ba ta yin alkawari. Tana auna yiwuwar ruwa, sannan ta jera matakai: in hadari ya dawo cikin mako a yi kaza, in ya ɗauke a dakata, kuma a kowane hali a rage wani abu a hannu. Da Tankari yana raye, ina jin zai yarda cewa wannan abu ya zauna a aji. Sai dai zai tambaya wane ne zai kwana da yunwa ranar da lissafin ya faɗa gefen da ba a so. Na'urar dai ba ta da rumbu.

Damana biyu a jere hasashenta ya dace. Bana, bayan ruwan farko, ta ce alamu sun fi karkata ga dawowarsa, amma kada a ƙarar da iri. Da safe unguwa duka ta fita da sungumi, Arzika ya bi, ya zuba komai a ƙasa. Ruwa ya ɗauke fiye da mako uku, tsiro ya ƙone.

Na je na sami Arzika. Ban sassauta ba, na tambaye shi ko bai karanta saƙon har ƙarshe ba. Ya ce ya karanta.

"Mushe, kowa ya fita. In zauna da iri a ɗaka, a ce ɗan Tankari ya gaji tsoro?"

Da-na-sani ƙeya ce. A nan na gane abin da muka binne tare da aminina. Lissafinsa ya wanzu, har ƙarfe ya iya shi. Abin da ya tafi shi ne ƙarfin zuciyar jure dariyar mutane, kuma wannan ba a aiko shi ta salula.

Da ruwa ya dawo, kafin Arzika ya samo wani iri lokaci ya ƙure. Ya tafi ci-rani tun kafin kaka. Gonar Tankari ba ta ba da dami ko ɗaya ba bana.