Ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi

Jiya wani ya wuce bisa keke, sirdinsa na kuka, sai maƙerar babana ta faɗo mini a rai. Ni ban yi boko ba, amma ƙarfe na san shi. Leƙa ƙarƙashin sirdin keke, za ka ga siraran ƙarafa biyu kwance. Su ke ɗauke da mutum.

A ƙauyenmu, kusa da Gatawa, keke ɗaya ne lokacin, na taubashin Baba, wani ƙato mai kai gero kasuwar Isa. Da kaka, ana tsakar sussuka, ƙarfe ɗaya ya karye. Ya turo keken maƙera.

"Maƙerin fartanya, ka iya aikin Nasara?"

Baba ya ƙera sabo, ya tsoma shi ruwa da jansa, yadda kakanmu ya koya masa yi wa gatari. Ƙarfe ya yi tauri. Bai yi rabin hanya ba ya ɓalle kamar busasshen kara. Mutumin ya dawo a ƙasa, wando a yage. Taubashi kuwa ba ya rufa asiri. Kowace majalisa sai ya nuna wandon nan. Masu kawo gyaran galma suka fara wuce mu zuwa ƙauyen gaba.

Baba ya daina fita cin tuwo da mutane. Ya samo sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan na tsohuwar kujerar mota, ya miƙe shi a wuta, ya lanƙwasa. Bai taɓa ruwa ba. Man gyaɗar Inna ya tsoma shi, tana ta faɗa, sannan ya gasa shi bisa garwashi har ya yi shuɗi. Har yau ina jin ƙaurin man nan.

Ya ɗaura shi ƙarƙashin sirdin, ya ce wa taubashi, "Gatari tauri yaka so. Wanga kuwa sai shi duƙa shi tashi. Hau, za ni da kai."

Baba bai taɓa hawa keke ba, amma ya zauna baya, ya riƙe rigar taubashi. In zai sake karyewa, ya karye a gabansa. Suka je Isa, suka dawo la'asar sakaliya. Taubashi ya sauka yana haki, ya ce, "Ƙarfe dai ya yi, maƙerin ne nauyi gare shi."

Yanzu gyaran keke nake a Sabon Birni, tunda ƙauye ya ƙi zaunuwa. Ƙarafan yau ƙyalli ne a waje, ciki kogo. In aka kawo mini karyayye, ba na cewa a je a sayo. Wuta nake hurawa.