Ranar da Goggo Hamsatu ta Soya Masa a Kan Dutsen Dass

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Gwallameji a Bauchi da safe ya san Goggo Hamsatu, ko bai san sunanta ba ya san ƙamshin tandarta. A bakin titin Dass take zama, gindin wata bishiyar maina. Ma'aikata masu tafiya ofis sukan tsayar da keke su sayi masa, ta zuba musu miyar taushe a roba tana faɗa wa direba ya yi haƙuri, ai ba gobara ake ba.

Bafillatana ce, doguwa, mai saurin magana. A wata ruga aka haife ta gindin duwatsun Dass, a nan ta tashi tana bin maruƙa cikin duwatsu ƙafa ba takalmi. Ba a daɗe da aurenta ba ciwo ya shiga garken mijinta, Malam Ikrima, ya kwashe shanun sai 'yan kaɗan. Ya sayar da ragowar suka shigo Bauchi, ya kama gadi a wani gida a GRA. Iyayenta kuwa suka kora nasu dabbobin suka yi Mambila, don haka ba ta bar kowa a Dass da za ta riƙa ziyarta ba.

Wajen wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta koyi masa. Farkon suyarta rabi ƙonewa yake, rabi ya manne a tanda. 'Yan'uwa suka yi ta tsokanarta, wai ina aka taɓa ganin 'yar ruga ta bar ƙwaryar nono ta rungumi ƙullun shinkafa. Ta toshe kunne. Da tandar nan ta riƙe gida bayan rasuwar Malam Ikrima, da ita ta karantar da 'ya'yanta, har babbar, Rukayya, ta zama ma'aikaciyar jinya.

Duk tsawon shekarun nan motocin Dass ta gabanta suke wucewa, 'yan kamasho na kira. Takan ɗaga kai ta bi su da kallo, ta ce sai ta sami sarari. Sararin bai zo ba, sai wani keke da birkinsa ya shanye ya zo ya bi ta kan bencinta, ya karya ta a cinya.

Aka yi aiki aka sa ƙarfe. Bayan watanni likita ya ce ƙashi ya haɗe sarai, ta riƙa takawa. Amma tsoro ya riga ya shige ta. Daga ɗaki zuwa tsakar gida sai da sanda da bin bango. Ta kifa tanda a bayan ɗakin girki, ta ce ita da titi har abada. Rukayya ta yi lallashi ta yi faɗa, a banza.

Akwai maƙwabciyarta Bridget, 'yar Kudu mai shagon kayan masarufi, wadda ake kira Maman Micah. Ta shekara sama da ashirin a Bauchi, Hausarta tana gudu, sai dai mace da namiji duk "ka" take ce musu. Wata ranar Asabar ta shigo riƙe da waya.

"Maman Rukayya, duba abin da ɗalibai suka ɗauko. Wai Dutsen Mbula ne, nan Dass. Ni tunda na zo garin nan daga shago sai coci, ban san akwai wuri kamar wannan ba."

Goggo ta karɓi wayar ta nisanta da idonta, ta daɗe tana kallo.

"A gindin wancan mai kama da tulu aka yanke min cibiya," in ji ta.

"To ka kai ni."

"Da wace ƙafar?"

"Da mota, haba! Ka zauna a ƙasa ka soya mana masa, mu mu hau. Ni dai bakina ya gaji da masar wasu."

Goggo ta ce a'a. Bridget ta tafi, ta dawo washegari da matan layinsu biyar, kowacce da abin da ta ce za ta dafa. Suka yi ta tsara tafiya a gabanta kamar ta riga ta yarda. Da ta ji wata na cewa za ta jiƙa shinkafar ƙullu da safen ranar tafiya, sai ta kasa daurewa.

"Ke Jannatu, wa ya koya miki? Ƙullun da bai kwana ba ai ba ya tashi. Ku bar min wannan."

Haka ta shiga tafiyar.

Ƙanenta Hammawa direban bas ne, shi ya ɗauke su, har da Rukayya. Lokacin kaka ne, ruwa ya ɗauke amma daji na nan kore shar. Aka loda bokitin ƙullu, tanda, gawayi, tukunyar miya, da kular farfesun kifi ta Bridget mai yajin da ke sa mutum hawaye. Ba su yi nisa da gari ba aka fara ciye-ciye. Inda duk suka ga mai gasa masara sai a buga wa Hammawa jikin mota. Suka sayi dafaffiyar gyaɗa, suka sayi rake, suka sayi gwaiba. Ya ce shi tunda yake tuƙi bai taɓa ɗaukar fasinjan da suka fi waɗannan tsayawa ba. A wata 'yar kasuwa Goggo ta leƙa ta taga ta yi wa masu tallan nono Fillanci, suka yo kanta da ƙore, ta ɗanɗana na mutum uku kafin ta zaɓi ɗaya.

Da duwatsun suka fara bayyana, manya-manya, wasu a ɗore kan wasu kamar an jera su da hannu, kowa ya leƙa ta taga. Suka tsaya a wani ƙauye suka gai da mai unguwa, ya haɗa su da wani dattijo manomi da zai nuna musu hanya.

Inda rugar take babu komai sai gonar dawa. Tsamiyar da suke ɗaure maruƙa an sare ta, ko kututture babu. Goggo ta tsaya a bakin gonar ta yi wa iyayenta addu'a, ta share ido da bakin mayafi. Hammawa, wanda aka tashi daga wurin yana goye, ya tsaya gefe yana kallon gonar.

Aka fara sauke mata kaya a inuwa. Sai ta ce, "Ku ɗora su a ka. A sama za a soya."

"Dada, ƙafarki fa," in ji Rukayya.

"Ba ke kike cewa in taka ba?"

Suka kama hanya. Farko tudu ne mai sauƙi cikin ciyawa, tana dogara sanda tana hutawa. Sai suka iso wani falalen dutse mai santsi, ya miƙe sama ba abin riƙewa. Nan ta ja ta tsaya. Ta zauna, gumi na bin wuyanta.

"Adda, in goya ki?" in ji Hammawa.

"Ni na goya ka a wurin nan. Matsa."

Ta cire silifas ta miƙa wa Rukayya. Da tafin ƙafarta ya taɓa dutsen, da ɗuminsa da kaushinsa, sai ta ji jikinta ya tuna. Ba a miƙe ake hawan falale ba, a karkace ake bi, ana neman tsaga. Ta taka, ta sake takawa. Cinyar na zugi, ta ce da ita a ranta yau dai sai haƙuri. Ba ka jin komai sai ƙarar sandarta. Ba ta waiga ba sai da ta ga babu sauran dutse a gabanta, sai fili shimfiɗaɗɗe da wani ɗan kwarmi cike da ruwan sama.

Jannatu ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Bridget, wadda ta ƙaraso da rarrafe, ta kwanta rigingine tana kiran Yesu tana dariya.

Ba ƙololuwar dutsen ba ce, kafaɗarsa ce, amma daga nan ana hangen garin Dass da rufin kwanonsa, da fadamun shinkafa sun yi ruwan ɗorawa, da titin Bauchi siriri kamar zare. Can nesa wani garke na kiwo. Goggo ta sa hannu a baki ta yi irin kiran da suke yi wa shanu tana yarinya. Dutse ya maido mata da muryarta, wani makiyayi a ƙasa ya ɗaga sanda sama.

Aka hura gawayi. Ta zauna gaban tanda, ta shafa mai, ta zuba ƙullu, ya yi "caa". Masa ta tashi fara sol, gefenta ja. Ta fara ba dattijon da ya rako su, ya ci ya ce a ƙara. Suka ci da miya, suka ci da farfesu, suka kora da nono, har aka kankare bokiti. Masu salla suka yi alwala da ruwan kwarmin suka yi azahar a kan dutsen, Bridget na tsare musu kwanuka don kada iska ta kwashe.

Saukowa ta fi hawa wuya. Goggo ta kwana uku ƙafa a kumbure, Rukayya na gasa mata tana mita. Da kumburin ya saɓe ta aika a sayo mata sabon benci, ta koma sana'arta, sai dai ta matsa nesa da kwalta.

Labari ya bazu a unguwa. Kakar da ta biyo baya bas biyu aka cika, har da matan Miri da ke bakin gari da wasu malaman makaranta. Bana Dutsen Zaranda suka nufa. Hammawa ya kafa sharaɗi cewa sau biyu kawai zai tsaya a hanya, Goggo ta ce ta ji. Kafin su bar Miri ya tsaya sau huɗu.