Kwalabe Ashirin da Uku na Malam Bamalli

Duk wanda ya san Malam Bamalli a Suleja ya san shi da abu biyu: ba ya makara, kuma ba ya son a yabe shi. Na farkon gado ne, don mahaifinsa masinja ne da ya yi shekara talatin yana riga kowa isa ofis. Na biyun kuwa mutane sun ɗauka tawali'u ne, har limamin unguwarsu ya taɓa kafa wa matasa misali da shi. Da liman ya san abin da ke cikin Bamalli da bai ɓata bakinsa ba, domin tsoro ne zalla.

Tun yana yaro likita ya so zama, sakamakon jarrabawa ya ce bai san zancen ba. Ya yi shekara shida yana tsare wa wani mutum shagon magani a Madalla, ya lallaɓa ya yi kwas na ɗibar jini, sannan a shekarar 2013 ya samu aiki a wani ɗan ƙaramin ɗakin bincike a bayan wani asibiti. Mai ɗakin ita ce Dakta Halimatu Sadiya, 'yar gari ce da ta je waje ta karanto ilimin garkuwar jiki, wato yadda jinin mutum ke koyon yaƙi da cuta ya kuma riƙe abin da ya koya. Mace ce mai kirki a waje, amma a bakin aiki ba ta da wasa ko kaɗan. Wanda Bamalli ya gada an sallame shi ne saboda ya bar ƙofar firiza a buɗe ya tafi amsa waya.

A lokacin Dakta na bibiyar yara ɗari uku daga Madalla da Diko da ƙauyukan Lambata, waɗanda aka yi wa rigakafin ƙyanda. So take ta gano ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ke yawan kayarwa yana riƙe ƙarfin rigakafin kamar sauran. Aikin Bamalli shi ne ya je ya ɗebi jini, ya rubuta lambar kowane yaro a jikin 'yar kwalbarsa, ya jera a kula mai ƙanƙara ya kawo. Duk yaron da jininsa ya nuna rauni, sai a aika wa uwarsa ta kawo shi a ƙara masa allura.

Wata Talata cikin Agusta, wata uku da fara aikinsa, ya isa wani ƙauye a bayan Lambata ya tarar makarsa, alƙalamin da yake rubuta lamba a jikin kwalba da shi, ta bushe. Ya san tana neman bushewa tun jiya, amma ita ce ta biyu da ya karɓa a watan, kuma ranar da ya karɓe ta Dakta ta tambaye shi ko miya yake yi da su. Kunya ta hana shi neman ta uku. Sai ya yi dabara irin ta mai shagon magani: ya sayi 'yan takardun manne, ya rubuta lambobin da biro, ya liƙa. Yara ashirin da uku ya ɗiba ranar.

A hanyar dawowa, daidai mahaɗar Diko, direban bas ya taka birki don kauce wa tanka, kula ta kife a bayan mota. Bamalli bai buɗe ta ba sai da ya zagaya bayan ɗakin bincike. Ƙanƙara ta narke, kwalabe suna iyo a gefe, takardun suna nasu iyon a gefe, biro ya zama shuɗin ruwa. Ya tuna wanda aka sallama, ya tuna matarsa Asibi da cikin wata bakwai. Ya shiga ya ari maka a teburin wani, ya dawo ya tsuguna. Akwai kwalba biyu ko uku da ya ga kamar ya gane, sauran kuwa canka ya yi. Ya rubuta lambobi ashirin da uku da rubutu mai kyau, ya kai firiza, Dakta ma har ta ce masa sannu da hanya.

Ya yi zaton magana ta mutu a nan. Ai bincike, a tunaninsa, takarda ce da za a buga a jefa a kabad kamar takardun ofishin babansa. Bayan shekara biyu aikin ya fito a wata mujalla ta ƙasar waje, da sunan Bamalli a ƙarshen jerin marubuta, don Dakta ta ce ba za ta ci haƙƙin wanda ya sha rana ba. Ta kira shi ta nuna masa wani shafi a intanet mai ɗauke da sunanta da duk takardun da ta taɓa bugawa, kowace da lamba a gabanta. Ta yi masa bayani cewa duk lokacin da wani masani a duniya ya kafa hujja da aikinsu a cikin nasa rubutun, lambar nan za ta ƙaru da ɗaya, kuma da ita ake auna nauyin masani. Ranar lambar tasu huɗu ce. Bamalli ya ce ma sha Allah.

Lambar nan ba ta tsaya ba. Sauran takardun Dakta suna tafiyar hawainiya, wannan kuwa kamar an kore ta. Arba'in, ɗari da goma, ɗari uku. Duk Litinin Dakta kan rubuta sabuwar lamba a farin allon ofis, ɗalibai su tafa, Bamalli ya tafa tare da su ya nemi hanyar bayi. Shi abin da yake gani daban ne: mutum ɗari uku a ƙasashen da bai san sunansu ba sun ɗora gini a kan cankar da ya yi a tsugune. Ya koyi buɗe shafin a wayarsa, kullum da ya dawo daga masallaci da asuba sai ya duba. In ya ga ba ta motsa ba ya karya kumallo da daɗi, in ta motsa koko ma ba ya wucewa.

Tsoron ya mai da shi ma'aikacin da ba a taɓa yin irinsa ba a wurin. Maka uku yake yawo da su a aljihu, har rigunansa duk sun yi tabo, ɗalibai suka laƙaba masa Baba Maka. Kowace kwalba sau biyu yake rubuta mata lamba, a jiki da a murfi. In aka ɗauke wuta shi ne farkon isa gun janareta, ko da a tsakiyar cin abinci yake. Sau biyu ana gayyatarsa taro a Abuja don a karrama shi, sau biyun yana kwanciya ciwon ciki, kuma ba ƙarya yake ba. 'Yarsa Khadija, wadda aka haifa bayan abin da wata biyu, ta girma tana nuna wa ƙawayenta sunan babanta a waya. In rediyo ta ce ƙyanda ta ɓulla a wajen Gurara, yankin su Lambata, sai ya kashe ta da sauri, can kuma ya sake kunnawa ya kasa kunne ko za a faɗi sunan ƙauye.

Asibi ta kai shi awon hawan jini ya fi a ƙirga. Ta gaji ta ce ita dai ta auri mutumin da ba shi da ciwo kuma ba shi da lafiya.

A 2024 lambar ta kai ɗari shida da sha biyu, Dakta kuma ta miƙa takardunta na neman zama farfesa, wannan aikin ne a sama. A cikin watan ne wasiƙa ta zo daga wasu masana na waje: suna roƙon ragowar jinin yaran da ke firiza, za su sake auna shi da sabuwar na'ura da ke karanta komai, har ta faɗi ko jinin na namiji ne ko na mace. Dakta ta karanta wa kowa tana murna, ta ce Malam Bamalli ne zai shirya kayan, don ba ta yarda da hannun kowa ba sai nasa.

Ya san a cikin ashirin da ukun nan akwai maza akwai mata. Ranar Juma'a da rana, kowa ya watse, ya tsaya a gaban firiza da yatsa a kan makunni. Kashewa ɗaya, zuwa Litinin komai ya lalace, a ɗora wa wuta laifi. Ya daɗe a tsaye yana jin ƙugin injin. Shekara goma sha ɗaya yana tsaron firizar nan kamar jaririya, hannun ya ƙi. Ya fita ko masallaci bai samu sahun gaba ba.

Ran Litinin ya shiga ofishinta ya ƙi zama. Ya faɗa mata komai a tsaye, tun daga busasshiyar maka. Dakta ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce ashirin da uku cikin ɗari uku na iya canza sakamakon, na iya ƙin canzawa, ba wanda ya sani sai an sake lissafi. Za ta rubuta wa mujallar, za ta kuma janye takardunta na farfesa har sai an gani. Ta dubi allo, sannan ta juyo.

"Malam Bamalli, cikin yaran nan, nawa muka kira aka ƙara wa allura?"

"Tara, Dakta."

"Wato goma sha huɗu muka ce wa iyayensu su kwantar da hankalinsu." Ta miƙe ta ɗauki makullin mota. "Ɗauko rajistar, duk ashirin da ukun za mu bi. Mujalla ta jira."

Ba ta ce ta kore shi ba, ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai tambaya ba. Suka kama hanyar Lambata. Rajistar na kan cinyarsa, tsohuwa, da rubutunsa na lokacin da yake sabo, kowace lamba da sunan yaro da na uwa da kwatancen gida. Yaran yanzu sun kai sha huɗu, sha biyar, in suna nan. Wannan "in" ɗin ne yake ta juyawa a ransa tun daga Suleja.

Gida na farko na bayan injin niƙa ne, kamar yadda aka rubuta. Bamalli ya yi sallama, wata mata ta fito da garin dawa a hannu tana kallon mota. Ya duba rajista ko da yake ya san sunan, ya ce suna neman wani yaro ne, Ummaru, da aka taɓa ɗibar jininsa shekarun baya. Matar ta ƙura masa ido, ta tambaya ko lafiya. Dakta ce ta ce lafiya lau, ziyara ce kawai. Matar ta juya cikin gida ta ƙwala kira. Shiru. Bamalli ya dafa bango. Ta sake kira da ƙarfi, sai can bayan rumbu wata murya da ta fara buɗewa ta amsa cikin ƙosawa, irin ta yaron da aka katse wa aiki.

Bamalli ya tsuguna nan ƙofar gidan mutane yana hawaye, matar na tambayar Dakta ko mutumin nan ba shi da lafiya ne. Dakta ta karɓi rajistar daga hannunsa, ta yi alama a gaban sunan, ta buɗe shafi na gaba.

"Tashi, Malam," ta ce a hankali. "Saura ashirin da biyu."