Ranar da Na Tsaya Bakin Taga

A shekarun da uraniyom ke tashe, kowa baƙo ne a Arlit, saboda haka kowa na neman ɗan garinsu ya raɓa. Ni da aka turo ni koyarwa daga Tawa, sai na tarar diraktan lakwal ɗinmu, wato shugaban makarantar, ɗan unguwarmu ne, ya san mahaifina tun suna samari. Baba nake ce masa. A gidansa nake cin tuwo, ko takalmi zan saya sai na yi shawara da shi.

A lakwal ɗin akwai yara kurame, yawancinsu sanƙarau ne ya tafi da jinsu. Iyayensu leburori ne a ramin kamfani, sun kawo su ne kawai don kada su yi ta gararamba a hanyar manyan motoci. Malamai kan jibge su a ƙurya kamar buhunan gero. Abin ya dinga ci mini rai, har na roƙi Baba ya ba ni wani ɗakin ajiya, na share shi, na riƙa tara su da yamma. Ban san komai ba a wannan aiki. Su suka koya mini maganar hannu, ni na koya musu baƙaƙe da lissafi. In ina so su dube ni, sai in buga ƙafa a kan katakon da na shimfiɗa ƙarƙashin bencinsu. In an fasa dutse a ramin kamfani kuwa, su ke riga ni sani ta tafin ƙafa, su yi ta tsokanata wai ni ne kurman.

Ana nan sai labari ya zo cewa za a ɗauki malami guda daga yankinmu a kai shi jami'a, ya karanci koyar da kurame, ya dawo da shaidar ƙwarewa. Wata mata za ta zo daga Yamai ta ga aiki da idonta kafin a zaɓa. Na ƙwallafa rai sosai, domin ajin nan ba shi da izinin kowa, in ba mai shaida a kansa, ko yaushe ana iya rufe shi. Na ari littattafai, na duƙufa bita.

Ana gobe za ta iso, Baba ya kira ni. Ya ce ya riga ya ba ta labarina kaf, abin da take son gani yanzu shi ne ko wani malamin zai iya aiki da dabarata. Don haka ɗan ƙanwarsa, wanda ke koyar da manyan yara, shi zai tsaya gaban allo.

"Kai ka tsaya bakin taga ka taimake shi," in ji shi. "Ɗa mai tarbiyya ba shi tura kainai gaba. Ni ka yi maka magana, ɗana."

Na ce to, har da godiya.

Aka ajiye wa baƙuwar kujera ta ba taga baya, ni ina waje, yara na ganina ita ba ta ganina. Ɗan ƙanwar Baba ya hau kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Duk abin da ya rubuta, sai in nuna musu ma'anarsa ta bayan kanta. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka yi lissafi, suka rubuta sunayensu. Matar ta ɗauka ita suke kallo, tana ta yi musu murmushi. Ni kuwa daɗi ya cika ni, ina ji da yarana.

Da aka fito ta riƙe hannun ɗan ƙanwar Baba ta daɗe tana yaba masa. Ta tambayi ko ni wane ne, Baba ya ce wani ƙaramin malami ne da ke taimaka wa ɗan ƙanwar tasa da shara da jera benci. A kunnena ya faɗa. Na so in faɗi gaskiya, amma a tarbiyyarmu ba a ƙaryata uba a gaban baƙo, kuma Baba ya san haka sarai, da shi ya yi lissafinsa.

Da sunan ɗan ƙanwarsa ya fito, na samu Baba a gida. Ko kunya bai ji ba. Ya ce yaron yana da iyali, ni kuwa da sauran ƙuruciyata.

"Kai da hannunka ya riga ya iya, mi za ka yi da takarda?"

Tun daga ranar ban sake cin tuwon gidansa ba. Har yau in na tuna, ba karatun da na rasa ke ƙona mini rai ba kamar yadda ya sa na yi wa kaina wannan aiki da hannuna, ina murna.

Ba a jima ba umarni ya zo cewa ajin kurame sai mai shaida, a rufe shi har wanda aka tura ya dawo. Bai dawo ba, da ya gama ya samu ofis a Yamai. Baba da kansa ya kawo kwaɗon, ya ce in sallami yaran tunda ni suke ganewa.

Na tsaya gabansu na nuna musu cewa daga gobe ba karatu. Wata yarinya, wadda ta fi kowa iya lissafi, ta zuba mini ido, sannan ta ɗaga hannu ta tambaye ni: ranar da baƙuwa ta zo, wane ne a cikinsu ya yi kuskure? Na ce ba kowa. Ta sake tambaya, na sake cewa ba kowa. Ba ta yarda ba, ta ɗauki allonta ta ce in sake ba su jarrabawar, wannan karon za su yi daidai.